Kwana Arba'in na Farko: Jagora ga Mai Jegon Fari

Da zarar jariri ya faɗo ya tsala kukan farko, babu abin da yake buƙata kamar ƙirjin uwarsa. A tsane masa jiki da zane mai tsabta, a kife shi a ƙirjinki fatarsa na taɓa fatarki, a sa masa hula, a lulluɓe ku da zane ɗaya. Wanka zai iya jira har gobe. Farin maiƙon da ya fito da shi kariya ce ga fatarsa, kuma jariri yana saurin ɗaukar sanyi ko da a tsakiyar bazara aka haife shi. In aka bar shi a haka za ki ga ya fara motsa baki, yana lasar hannu, yana juya kai yana laluben nono. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe suna nanata cewa a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Ke ma kina da riba a ciki, domin tsotson yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Shi ya sa za ki ji mara tana murɗa miki duk sanda ya kama nono a kwanakin farko. Ciwo ne mai amfani, kuma yana wucewa. Ko tiyata aka yi miki, da kin farfaɗo ki ce a miƙo miki shi, a taimaka miki ki shayar da shi a kwance.

Abin da zai fara samu shi ne daƙashi, nonon farko mai kauri da danƙo, mai launin ɗorawa. Har yau a gidaje da yawa ana cewa dauɗa ne, a tatse a zubar, a jira nono mai kyau ya zo. A wasu ƙauyuka har gwaji ake yi, a tatsa a ƙoƙo a jefa tururuwa, wai in ta mutu nonon ba shi da kyau. Wannan gwaji ba ya nuna komai, kuma ya raba jarirai da yawa da abincin da Allah ya tanadar musu. Daƙashi cike yake da garkuwar da jikinki ya haɗa tsawon rayuwarki kan cututtukan da ke kewaye da ku. Yana shafe hanjin jariri ya tsare shi daga gudawa, yana kuma tura baƙin kashin nan na farko waje, wanda fitarsa da wuri ke rage shawara. Kada ƙarancin daƙashin ya dame ki. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ɗaukar cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da rabi a lokaci guda ba, don haka ɗigon da kike rainawa ya ishe shi.

A nan ne ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Wata ta kawo ruwan ɗumi da sukari, wata zuma, wata rubutu, wata nonon akuya, duk don kada yaro ya kwana da yunwa kafin nono ya zo. Kowanne daga ciki yana cika ɗan cikin nan, yaro ya ƙi tsotso, nonon da ake jira ya ƙara jinkiri. Ruwan kuma, kome haskensa, yana iya shigo da cuta. Zuma dai kada a ba jariri sai ya shekara, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Addu'a kuwa a yi masa ita da yawa, a yi masa huɗuba a kunne, a tofa masa a shafa masa. Duk wannan ba ya buƙatar a ɗura masa komai a baki.

Sai kuma kunyar ɗan fari, wadda ba a cika kawo ta cikin maganar shayarwa ba alhali tana da hannu a ciki. Yarinya ta haihu, ɗaki cike da gwaggonni da 'yan barka, jariri na kuka, ita kuma ta kau da kai don kada a ce ta cika rawar kai a kan ɗa. Kunya ado ce, amma kada ta tsaya tsakanin jariri da nono. In ba za ki iya a gaban mutane ba, ki yafa mayafi, ko ki shiga ƙuryar ɗaki. Iyaye mata kuma su ne ya kamata su fara cewa, "Ungo shi, ba shi ya sha," su kuma sallami baƙi in sun daɗe.

Yadda za ki riƙe shi da yadda zai kama, nan ne rabin aikin yake, don haka a bi shi a hankali. Ki zauna ki jingina bayanki, ki sa matashi a cinya in yana yi miki ƙasa. Ki juyo da shi gaba ɗaya, cikinsa na manne da cikinki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa a miƙe, kada ya zama jikinsa na kallon rufi wuyansa kaɗai ya karkato. Ki tallafi wuyansa da kafaɗunsa, ki bar ƙeyarsa sake don ya iya ɗaga kai. Ki daidaita hancinsa da kan nono, ki goga kan nonon a leɓensa na sama, sannan ki jira. Zai fara buɗe baki kaɗan kaɗan. Kada ki yi gaggawa, ki bari sai ya wangale shi sosai kamar zai yi hamma. A daidai wannan lokacin ki jawo shi gare ki da sauri, haɓarsa ta fara taɓa nono. Shi ake kawowa wurin nono, ba ke za ki sunkuya ki kai masa ba, in ba haka ba kafin suna bayanki ya ƙage.

In ya kama daidai za ki gani da idonki. Bakinsa a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya naɗo waje, haɓa ta nutse a nono, baƙin da ke kewaye da kan nonon ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Kumatunsa a cike, ba su lotsa ciki. Zai fara da tsotso gajere da sauri, sai ya koma ja mai zurfi a hankali yana ɗan tsayawa, kuma in ɗaki ya yi shiru za ki ji ƙarar haɗiya. In kuwa kan nonon kaɗai ya tsunkula, za ki ji zafi har cikin kai, za ki ji yana tsatsa da baki, kan nonon ya fito a matse. Kada ki daure, kada kuma ki fizge. Ki wanke hannu, ki zura ƙaramin yatsa ta gefen bakinsa har ya saki, ki sake gwadawa. Ko sau biyar ne a zama ɗaya, ki sake. Yawancin tsagewar kan nono daga mugun kamu take, kuma da an gyara kamun sai ta fara warkewa. Bayan ya gama ki shafa ɗigon nono a kan, ki bar shi ya sha iska, kada ki riƙa wanke shi da sabulu.

Ba a yi wa jariri agogo. Zai sha sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare, wani lokaci fiye da haka, kuma da yamma yakan nemi ya sha a jere a jere kamar bai ƙoshi ba. Ki ba shi tun yana motsa baki yana cin hannu, kafin ya kai ga kuka, domin yaron da ya fusata wuyar kamu gare shi. Ki bar shi ya gama da nono ɗaya har ya saki da kansa, saboda nonon farkon zama ya fi ruwa, na ƙarshe ya fi maiƙo, shi ne mai ƙosarwa da sa ƙiba. Sannan ki ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa ya yi gyatsa, ki miƙa masa ɗayan. A zama na gaba ki fara da wanda kika ƙare da shi. In mai yawan barci ne, a makonnin farko kada ki bari ya wuce awa uku bai sha ba. Ki tuɓe masa kaya, ki sosa tafin ƙafarsa ya farka.

Ki riƙe wannan da kyau: tsotso ne ke kawo nono. Nono kamar rijiya yake, gwargwadon yadda ake ɗiba haka take tsattsafowa. Duk lokacin da yaro ya tsotsa, jikinki yana samun saƙo ya ƙara. Duk lokacin da aka ba shi madarar gwangwani a maimakon nono, jiki yana samun saƙo ya rage. Tsotson dare ne ya fi aika saƙon ƙarawa da ƙarfi. Girman nono ko ƙanƙantarsa ba shi ne ma'auni ba.

Wajen kwana na uku zuwa na biyar nono zai kawo. Ƙirji ya yi nauyi, ya yi tauri, ya ɗau zafi, har yaro ya kasa kamawa saboda kan ya shafe. Ki tatse kaɗan da hannu kafin ki ba shi don wurin ya yi laushi, ki yawaita ba shi, in ya gama ki ɗora tsumma mai sanyi. Kada a murje miki nono da ƙarfi. In wani gefe ya yi ja ya yi ƙullutu, ga zazzaɓi da ciwon jiki, ki ci gaba da shayarwa ta wannan gefen, nonon bai lalace ba. In bai sassauta cikin yini ɗaya ba ki je asibiti kafin ya tara ruwa. Zazzaɓin cizon sauro ko mura ba sa hana shayarwa, sai dai ki gaya wa mai ba ki magani cewa kina goyo. Mai ɗauke da cutar HIV ma tana shayarwa muddin tana shan maganinta kullum bisa shawarar asibiti.

Maganar da ta fi karya zuciyar mai jego ita ce, "Anya nonon nan na isar sa?" Amsar tana cikin kunzugunsa. Daga kwana na biyar ko shida, in yana jiƙa kunzugu ko famfas sau shida ko fiye a yini da dare da fitsari mai haske, kashinsa ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ɗorawa mai laushi, yana sakin nono da kansa jikinsa a sake, to yana ƙoshi. Kusan kowane jariri yana ɗan ramewa a kwanakin farko, ya maido nauyinsa na haihuwa cikin sati biyu. Kuka kaɗai ba shaidar yunwa ba ce. Zafi, jiƙaƙƙen kunzugu, iska a ciki da son a ɗauke shi duk suna sa shi. In fitsarin ya yi kaɗan kuma ya yi duhu, ko sati biyu ya wuce bai murmure ba, a kai shi a auna, a kuma duba kamunsa.

Sai batun ruwa, wanda a ƙasarmu mai zafi shi ne babbar gardama. Kaka za ta ce, kuma da tausayi take faɗa, wane mai rai ne zai yi watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ba ruwa? Kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, tatacce, mai tsabta. In zafi ya tsananta yaro zai riƙa neman nono a kai a kai yana shan na farkon nan mai ruwa, ƙishirwarsa ta tafi. Ke ce za ki sha ruwan, ki ajiye kofi a gefenki duk sanda kika zauna shayarwa. Wata shida cur nono zalla, ba ruwa, ba koko, ba jiƙo, sai maganin da asibiti ta bayar. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun haka, kuma ruwa na cikin manyan abubuwan da ke ɓata lissafin. Bayan wata shida a fara ba shi abinci mai laushi, a ci gaba da nono har shekara biyu, adadin da Alƙur'ani ma ya ambata ga mai son cika shayarwa. Maganar ruwan nan gara maigida ya yi ta da mahaifiyarsa cikin ladabi tun kafin haihuwa, domin suruka ba ta iya musu da uwar miji a ɗakin jego.

Ke kuma fa? Al'adarmu ta kyauta ƙwarai da ta ware wa mai jego kwana arba'in na hutu, a dafa mata, a yi mata wanki, mai haihuwar fari ma ta tafi gida wajen uwarta. Wannan a riƙe shi hannu biyu. Ki ci ki ƙoshi: kunun gyaɗa, fura da nono, wake, ƙwai, hanta, farfesun kauri, zogale, alayyahu, da duk ɗan itacen da ke kasuwa. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini da aka ba ki. In azumi ya riske ki kina goyo kuma kina jin tsoro wa kanki ko wa yaron, shari'a ta yi miki rangwame. Ki tambayi malami yadda ake ramuwa.

Abu biyu ne a al'adar jego ke son gyara. Na farko kunun kanwa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a tsakanin matan yankin, suka danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, irin su hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki, amma kanwa dai dangin gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗora wa zuciya nauyi. Ba ta ƙara nono. Mai hawan jini ko kumburin ƙafa kada ta kusance ta. Na biyu wankan jego da tafasasshen ruwa. Ruwan ɗumi da ganyen darbejiya yana warware gajiya, ba laifi. Amma ruwan da ke saɓule fata ko sa jiri ya wuce magani. A surka shi har hannu ya iya zama a ciki. Wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki ta bi abin da aka gaya mata a asibiti.

Jinin biƙi yana farawa ja, ya dusashe, ya ɗauke cikin sati shida ko ƙasa da haka. In kina jiƙa kunzugu cikin awa ɗaya, ko gudaji manya na fita, ko jinin na wari ga zazzaɓi, ko kanki na sarawa idonki na ganin dishi-dishi, ko numfashi na yi miki wuya, ba kya iya kwanciya sai an tokare ki da matasai, ƙafafu sun kumbura, to ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran a yi suna. A nemi mota.

Cibiya ba ta son komai sai tsabta da iska. A shafa mata man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, a naɗe kunzugu ƙasa da ita. Kada a gasa ta da tsumma ko kasko, kada a sa mata man goge baki, toka, gishiri ko man zafi. Ta nan cutar sandarewar jiki ke shiga. Za ta faɗi da kanta cikin sati ɗaya zuwa biyu. Kada a matse nonon jariri in ya kumbura, zai saɓe da kansa. A bar masa belinsa, bai hana shi tsotso ba, cire shi kuwa yana jawo zubar jini da cuta. Kwalli yakan ƙunshi dalma, a nisanta shi da idonsa. Kayansa kuma kada a ajiye su da kafur, domin akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, ya jefa su cikin shawara mai tsanani.

Kullum da safe ki fito da shi wurin haske ki duba farin idonsa, ki danna goshinsa da yatsa ki ga launin fatar. Shawarar da ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ta asibiti ce nan take, kuma shanya shi a rana ba ya maganinta. Haka in ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laƙwas ba ya motsi sai an taɓa shi, ko cibiya ta yi ja tana ruwa. Jariri ba ya daɗewa yana jinya kafin abu ya ɓaci. Rigakafin farko, wato BCG da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta, a yi su tun ranar haihuwa ko da wuri bayanta, ko da a gida aka haihu.

Barci zai yi miki ƙaranci, wannan ba makawa. In ya kwanta da rana ki kwanta, wanke-wanke ya jira wani. Ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ɗan tauri kusa da ke, cikin gidan sauro, ba matashi, ba tulin bargo, nesa da hayaƙin murhu, turaren wuta da maganin sauro. Ranar suna ki samu wata 'yar'uwa ta tsaya miki, ta riƙa karɓo shi daga hannun jama'a ta kawo miki ya sha, ta hana mai tari ko mura ɗaukarsa. Maigida, naka aikin bai ƙare a rago da goro ba. Ka ɗauki yaron bayan ya sha ka sa shi gyatsa, ka tabbata akwai abinci da ruwa a ɗakin, ka ajiye kuɗin mota da lambar direba don dare.

Wajen kwana na uku ko na huɗu mata da yawa sukan sami kansu suna hawaye ba dalili, ga fargaba, ga saurin fushi. Sauyin jiki ne da gajiya, yakan wuce cikin sati biyu. In ya zarce haka, ba kya jin daɗin komai, barci ya ƙi ko da yaron na barci, kina ganin ba ki iya ba, ko tunanin cutar da kanki ko jaririn na zuwar miki, ki faɗa wa wadda kika amince da ita, ku je asibiti. Ciwo ne sananne mai magani, ba raunin imani ba ne, ba kuma rashin godiya ba. In mai jego ta fara sambatu ko ta daina gane mutane, kada a bar ta ita kaɗai da yaron, a kai ta a ranar.

Wadda za ta koma aiki ko makaranta ta koyi tatsa tun sati biyu kafin ranar. Ki wanke hannu, ki sa babban yatsa a saman baƙin nono, manuni a ƙasa, ki danna ciki wajen ƙirji, ki matse ki saki, kina zagayawa. A kofi mai murfi da aka tafasa, nonon yana kai awa huɗu a inuwa, a firjin da wuta ba ta yankewa kuma har kwana huɗu. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin a ruwan ɗumi, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, domin fida tana da wuyar wankewa kuma tana ɓata wa yaro kamu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don wannan.

Da ya cika sati shida ku koma asibiti tare, da katinsa a hannu. Za a auna shi, a yi masa rigakafi na gaba, wanda za a maimaita a sati 10 da sati 14. Ke ma ki sa a auna jininki, a duba ɗinki in akwai, ki kuma yi maganar tazarar haihuwa a wannan zaman. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Da ɗaya daga cikin ukun ya faɗi, kwanika na iya shiga, don haka ku zaɓi hanyar da ta dace da mai goyo, ke da maigida, kafin ku bar wurin.